Matar Cikin Kwamfuta da Baƙinta

Hutun ƙarshen zango na dawo gida Limawa da kwamfutata, a cikinta akwai wani wasa irin wanda za ka ƙirƙiri mutane, ka gina musu gida, ka tura su aiki ko jami'a. Umma ta leƙo ta ga ina zaɓa wa wani ɗan mutum labule, ta ce, "Ke 'yar nan, da girmanki kike wasan 'yar tsana?" Ni ce 'yar fari, ba ta kama sunana ko da faɗa take yi.

Kwana biyu tana min tsiya. Rana ta uku ina tura wata budurwa jami'a, sai ga Umma a kaina da ludayi a hannu.

"Mai 'ya'ya fa, suna ɗaukarta?"

"Har mai furfura suna ɗauka, Umma."

"To yi min guda."

Na san dalilin tambayar. Umma malamar firamare ce tun ina goye. Sau biyu tana samun gurbin karatun digiri na ƙarshen mako, sau biyu tana bari lokacin rajista ya wuce. Takardar rajista ta uku tana cikin kwanon samira a ɗakinta, saura mako biyu ita ma ta tashi a banza. Duk wanda ya yi mata maganar sai ta ce, "Da wane lokacin?"

Muka ƙirƙiri mata mai 'ya'ya huɗu da miji mai gemu. Umma ta ce in ƙara mata jiki, wai wannan iska ma ɗauke ta za ta yi. Aka sa ta a jami'a, Umma ta karɓe ragamarta, kullum bayan la'asar tana zaune a gaban kwamfuta kamar mai duba jarabawar yara.

To a wasan, maƙwabta sukan zo su ƙwanƙwasa ƙofa. Duk wanda na sani yana wasan share su yake yi, su gaji su tafi. Ban da Umma.

"Baƙo a ƙofa ki ce in share? A gidan wa kika ga ana haka?"

Sai ta tashi matar daga kan littafi, a gaisa, a kawo ruwa, a ɗora girki. Agogon wasan kuwa gudu yake yi, kafin baƙo ya suɗe kwano an tashi daga aji. Ran nan matar ta ɓingire da barci a tsakiyar kicin. Na yi dariya har da riƙe ciki. Da na juyo, na ga Umma ba ta ko murmusa ba.

Gidanmu gidan malamai ne. Baba yana ba da karatun littattafai a zaure, kuma duk ɗan uwan da ya taso daga Miga, asibiti ya kawo shi ko sakatariya, a nan yake sauka. Ban taɓa ganin Umma ta ci abinci ta gama a zama ɗaya ba. Mutum ɗaya ne ba a tasa: Baba, in ya hau buzunsa ya buɗe littafi. Ko wane ne ya yi sallama, da an ce "Malam yana kan buzu," sai ya nemi wuri ya zauna.

Da zangon wasan ya ƙare sakamako ya fito. Matar ta faɗi warwas, har da takardar gargaɗi. Umma ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "To kin gani. Ko a cikin kwamfuta abin bai yiwu ba."

"Umma, wasa ne fa!"

"Wasa ne, amma bai yi ƙarya ba."

Raina ya ɓaci, na ji kamar in yi jifa da kwamfutar. Ni na kawo abin da hannuna, ga shi zai zama hujjar da za ta binne takarda ta uku da ita.

Muna haka Baba ya shigo shan ruwa, ya ga fuskokinmu, ya tambaya. Na zazzage masa labarin cikin fushi, ina jiran ya ce shirme ne. Sai ya sa tabarau ya ce in nuna masa. Ya ga matar ta buɗe littafi, an ƙwanƙwasa, Umma ta tashe ta. Ta dawo, an sake ƙwanƙwasawa. Mai gemun nan kuwa yana kishingiɗe a kujera abinsa.

"Wannan bawan Allah, kurma ne?"

"Yana ji, Baba. Sai dai in an tura shi."

Baba ya shafa nasa gemun. "To tura shi."

Na tura shi. Ya buɗe ƙofa, ya gaisa, ya shiga kicin ya ƙona abinci ƙurmus. Baba ya ce, "Ai dai baƙon ya ci." Matar kuwa ta karanta shafinta har ƙarshe. Umma ta tashi ta tafi alwala.

Washegari da hantsi na ga Baba ya fito daga zaure da buzu naɗe a hammata, wanda ya gada wajen mahaifinsa, duk gashin tsakiyar ya zube saboda zama. Ya shiga ɗakin Umma ya shimfiɗa shi jikin taga, ya ciro takardar daga samira ya ɗora a kai, ya fita. Na sha jin mutane suna yabon karatun Baba, amma ban taɓa jin girmansa a raina irin na safiyar nan ba.

Umma ta daɗe a tsaye kafin ta zauna a gefen buzun, a ɗosane, ta ce in miƙo mata biro. Ba ta cika layi uku ba aka yi sallama. Gwaggo ce, yayar Baba, daga Miga, da ƙullin gyaɗa a ka.

"Ina matar gidan? Ko ba kowa ne?"

Umma ta dafa ƙasa za ta miƙe. Daga tsakar gida muka ji ƙarar murfin randa, muka ji muryar Baba.

"Sannu da zuwa, Yaya. Ga ruwa. Sai dai ki ɗan jira ta, tana kan buzu."

Umma ta janye hannunta, ta matsa tsakiya ta gyara zama.