Wisi da Bindigogin da Aka Rufe wa Baki

Wisi Zurfluh ya shekara hamsin yana kiwon awaki a tudun da ke bayan filin harbin ƙauyenmu, cikin duwatsun yankin Uri. Taurin kansa ya fi na bunsurunsa. Tun yana saurayi soja suka sallame shi saboda ciwon ido, da tsufa ya zo kuwa sai dishi-dishi yake gani. Duk da haka bai fasa hawa tudu ba, kuma kaf kwarin nan babu mai cuku irin nasa.

Tun zamanin kakanni, safiyar Lahadi muke harbi bayan an tashi daga coci. Mukan ɗaga jan ƙyalle, mu tare hanyoyi da sarƙa. Wisi ba ya ganin ƙyalle, hanyarsa kuma ta awaki ce, wadda ta ratsa ta saman allunan da muke aunawa. Kunnensa ne mai gadinsa. Da ya ji harbin farko ya amsa a kwari, sai ya tsare garkensa can ƙetare har a yi tsit.

Ana nan sai baƙi daga birni suka gina gidaje a gindin filin, ba su ko gama fenti ba suka kai mu ƙara. Wata jami'a ta zo da na'urar awon amo, ta ce mun wuce abin da doka ta yarda: ko mu gyara, ko a rufe. Muka ja katanga, muka sa dogayen akwatuna masu shanye ƙara da ake zura bakin bindiga ciki. Aka mai da harbi Laraba da la'asar, don doka ta fi tsananta wa Lahadi. Ni ne sakataren ƙungiyarmu ta harbi, kuma ba zan ɓoye ba, na yi ta fankama da wannan aiki.

Na hau tudu na tarar da Wisi yana tatsa.

"Baba Wisi, an canja rana. Laraba ce yanzu, kuma da ƙyar za ka ji mu."

"Kai ɗan Trudi, bindigar da ba ta ƙara ai tabarya ce. Me za ku yi da ita, daka?"

"Ba wasa nake ba, Baba. Ran Laraba ka zauna gida."

"Awaki sun san Laraba ne? Tun kana rarrafe nake jin haukanku daga nan. Sha kofi ka sauka."

Na sauko, na ce wa kaina ai na fita hakkinsa. Har gobe ina jin kunyar wannan magana.

Larabar farko jami'ar ta dawo ta kafa na'urarta a wajen gidajen baƙin. Hadari ya haɗo, tudun ya yi duhu. Mu goma sha biyu muka kwanta a jere, kunnuwa a toshe. Na harba biyar, ina gyara na shida, sai na ga wani fari yana motsi a saman allo na huɗu. Akuya ce. Wata ta biyo ta. Na kurma ihu a tsaya.

Mita ɗari uku ne tsakani, ban san yadda na ci su ba. Na sami Wisi tsaye ya dogara da sanda, ya karkata kai yana saurare. Awakin sun watse.

"Wane ne?"

"Ni ne, Baba."

"To, kun fara ne?"

Mun riga mun harba sama da sittin. Ina kallon jinin da ke yaɗuwa a gefen rigarsa, shi bai ma ji ba tukuna. Ya zauna a hankali kan dutse, ya ce ƙafafunsa sun yi sanyi. Sauran suka iso, wani yana kiran jirgin saman asibiti, wani yana danne raunin. Wisi ya lalubo hannuna.

"Ɗan Trudi, tattaro min awakina kafin ruwa ya sauko."

Na bi su ɗaya bayan ɗaya cikin duwatsu na tattaro. Kafin in dawo ya cika.