Haɗin mangwaron da na ɗora a wuta

Har in koma ga Allah ba zan manta da bazarar da Babana ya daina cin abinci ba. Bayan yaƙin basasa ne da kaɗan, ina da aure da goyo, aka aiko mini daga Birnin Gwari cewa zazzaɓi ya kwantar da shi. Ko da na iso, zazzaɓin ya sauka, amma ya tafi da bakinsa. Mutumin da ke shiga daji tun asuba da gatari ya koma ko kunu sai ya kau da kai. Malamin asibiti ya gaya mini ba ɓoye-ɓoye, in bai ci ba, magani ba zai yi masa komai ba.

Ni kuwa a lokacin ina ji da kaina a girki. Na yi fate, na yi miyar kuka da man shanu, na yi farfesun zabo, duk suka dawo yadda na kai su. Tsoro ya kama ni sosai.

A rana ta biyar maƙwabciyarmu, wata dattijuwa 'yar Gbagyi da muke kira Inna, ta shigo gaishe shi. Ta ce in samo mangwaro nunanne mai sauran ƙarfi, da gwanda, da albasa, da tumatir, da attarugu rabi. In yanka su ƙanana, in matse lemon tsami, in barbaɗa gishiri, in bar shi ya ɗan jiƙu. Haka take yi wa mijinta in ciwo ya kashe masa baki. Har ta kai ƙofa ta juyo ta ce, “'Yata, kada ya ga wuta.”

Na ce to, amma a raina ban yarda ba. A gidanmu abin da bai hau murhu ba, ba a kai wa maigida shi a kwano. Ɗanyar albasa ga marar lafiya? Ga shi kowa na cewa mangwaro ne ke kawo zazzaɓi. Na yanka komai yadda ta faɗa, sannan na juye a tukunya, wai ya ɗan tafasa. Ya fito wani jagwalgwalo mai zaƙi, ba miya ba, ba kunu ba. Baba ya shinshina sau ɗaya ya juya fuska bango.

Abin da har yau nake jin kunyarsa shi ne, wuni guda na ƙara ɓatawa don kada in je in ce na yi kuskure. Sai da na ga ya kasa ɗaga buta da kansa na yafa gyale na tafi.

Inna ba ta yi mini faɗa ba. Dariya ta yi ta ce, “Ku dai komai sai kun dafa shi ya mutu.” Ta biyo ni da wuƙarta, ta zauna a gindin turmi tana yanka ina kallo. Tun kafin ta gama, ƙamshin lemon da attarugu ya cika tsakar gida, ni kaina sai da yawuna ya tsinke.

Baba ya karɓi cokali ɗaya don kunyar maƙwabtaka. Ya tauna a hankali, idonsa ya kawo ruwa, ya ja hanci. Ya sake miƙa hannu, ya sake. Can ya dube ni, da wata murya ƙasa-ƙasa ya ce, “Akwai sauran tuwon jiya?” A bakin murhu na yi kukana, ina ɗumama masa.

Ya tashi, ya yi noman daminar nan da wasu da yawa bayanta. Ni kuma na koyi cewa in ka je neman taimako, ka karɓe shi yadda aka ba ka, kada ka gyara abin da ba ka sani ba. Iyawar da nake taƙama da ita ta sa mahaifina ya ƙara wuni guda da yunwa, kuma a lokacin ba shi da wuni da yawa da zai iya bayarwa.