Gwangwanin Malam Ramalan

A Fassi, in ka tambayi mutum katinsa na ɗan ƙasa, ba aljihu zai taɓa ba, gidan Malam Ramalan zai nuna maka. Ɗakunanmu na yoyo da damina, gara kuma ba ta raga wa takarda. Shi kuwa yana da wani ƙaton gwangwanin madara mai murfi, ya naɗe shi a leda ya rataye a azara. Rabin unguwarmu a ciki muke, ni ma da nake maƙwabcinsa har da nawa.

Manomi ne, dawa da gyaɗa, mutum mai sanyin magana wanda in yana gaisuwa sai ka gaji. Mahaifinsa ne ke bin mai unguwa zagayen haraji a zamanin da, Ramalan kuma ya tashi yana ganin yadda ake yi. Hukuma ba ta bin talaka ɗaya-ɗaya, babba take kira ya amsa wa mutanensa. Yana yaro ya ga an zaunar da wani dattijo a rana a ƙofar dagaci saboda ya makara da kai harajin mutanensa. Tun daga nan, ko a rediyo aka ce haraji sai ya gyara zama.

Da aka kafa ƙungiyar manoma, shi aka naɗa sakatare, don ya iya karatun boko kuma ba ya cin na kowa. Aka ce rajistar taki sai da imel, ya hau babur zuwa Rano aka buɗe masa. Kullum da hantsi sai ya duba wayarsa, babu abin da ke shigowa sai tallace-tallace.

Bayan girbin bara saƙo ya shigo da Turanci, da tambari a samansa, wai daga hukumar haraji. Kowace ƙungiya ta turo hoton katin membobinta da lambobinsu kafin jibi, in ba haka ba a rufe musu asusun banki, a ci su tara.

Bai faɗa wa kowa ba, kuma nan ne abin ke ba ni haushi har yau. A ganinsa babba ba ya tayar wa mutanensa da hankali, amsa musu yake yi. Ya sauko da gwangwanin, ya jera katunan a kan tabarma, ya ɗauki hoton kowanne gaba da baya, ya tura. Da muka fito daga sallar la'asar ya ce mini, "Yau na sauke wani nauyi." Ban tambaye shi wane nauyi ba.

Ana shirin sharar gona 'yan sanda suka kira Ishiyaku, Bafulatanin da ke noma a bayan gari, wanda ko ƙofar banki bai taɓa takawa ba. An buɗe asusu da sunansa da hotonsa, an damfari wata mata a Kudu, kuɗin kuma ta nan suka bi. Sai da dattawa suka tsaya masa aka sake shi. Ba a jima ba aka kira Uwa mai ƙosai a kan irin wannan magana.

Mufida, 'yar Malam Ramalan da ke koyarwa a Rano, ta zo gida, ya faɗa mata abin da ya tura, ta karɓi wayar ta duba.

"Baba, dubi adireshin wanda ya aiko," in ji ta. "Irin naka ne, na kyauta, wanda kowa ke buɗewa. Hukuma ba ta aiko da saƙo daga irin wannan."

"Ai da tambarinsu."

"Tambari ko ni zan iya kwafa. Kuma duk wanda ya ce maka kafin jibi, so yake kada ka yi shawara. Da ofishinsu ka je ka tambaya."

Malam Ramalan ya ce, "Ni na zata tsare su nake yi."

Bai ɓoye ba. Ranar Juma'a ya miƙe bayan sallah ya faɗi abin da ya yi, washegari ya kwashi masu asusu zuwa banki aka kai rahoto. Babu wanda ya zage shi, kuma ina ganin da an zage shi da ya fi masa sauƙi. Sai dai mutane suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya, a gaisa, a tambayi iyali, a yi maganar farashin taki, can a ƙarshe mutum ya ce, "Af, Malam, katin nan nawa, za a yi wani ɗan aiki da shi." Shi kuwa ya tashi ya ɗauko ya miƙa da hannu biyu, bai taɓa tambayar wane aiki ba. Ishiyaku bai zo da kansa ba, matarsa ya aiko.

Yanzu irin kuɓewa ne a cikin gwangwanin. Har gobe yana duba wayarsa da hantsi, amma kome ya shigo ba ya taɓawa sai an kira Mufida.

Kwanan baya aka zo rajistar taki, ma'aikacin ya ce, "Malam, katinka." Ramalan ya ce a ɗan jira, za a kawo daga Rano. Tuni ya ba Mufida nasa katin ta ajiye masa.