Layinmu Ba Shi da Ƙuri'a

Duk jajibirin zaɓe layinmu a Sabon Tasha yakan zama kamar an yi hijira. Yawancinmu 'yan kudancin jihar Kaduna ne, kuma a ƙauye muka yi rajista, saboda haka sai mu kulle ɗakuna mu cika bas mu tafi gida. Ƙungiyar 'yan garinmu ce ta ɗora mu a kan haka. Shugabanta, wani dattijo da ya ƙare ƙarfinsa a masaƙar Kakuri, ba ya gajiya da tuna mana cewa ciyaman akwatin zaɓe yake dubawa, ƙauyen da ya cika nasa shi ake yi wa aiki. Kuma bai yi ƙarya ba. Da ƙuri'unmu garinmu ya samu rijiyar burtsatse, daga baya aka kawo taransifoma. Ni kuwa in na je gida har wata tafiya nake yi, kai ka ce da hannuna na haƙa rijiyar.

A ƙarshen layinmu, inda ruwan unguwa yake taruwa, akwai wata 'yar Binuwai mai injin niƙa, Maman 'yan biyu muke ce mata. Mijinta ya rasu, da injin nan take ciyar da yaran. Kwalbatin ƙofarta ya daɗe da rushewa, duk damina sai ruwa ya shiga shagon, ta kira matasa su ɗora injin a kan bulo. Ita a nan take zaɓe. In za mu tafi, ita muke bar wa makullai da kaji.

Wata shekara da abin ya yi tsanani muka haɗa tawaga zuwa wurin kansila. Ni aka ba bakin magana, tunda malamin makaranta ne. Na sa rigar coci, na shirya Turanci mai nauyi, na kuwa zuba shi: haƙƙin ɗan ƙasa, romon dimokuraɗiyya, ban bar komai ba. Mutumin ya saurare ni har na gaji. Ban so shi ba tun daga yadda yake kaɗa makullin mota, amma bai ɗaga murya ba.

"Malam, na ji," in ji shi. "A cikinku wanda ya yi zaɓe a mazaɓar nan ya ɗaga hannu."

Maman 'yan biyu ta ɗaga. Ta waiwaya tana jiran saura, ta ga babu, sai ta sauke hannun a hankali kamar ita ce ta yi laifi. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Kansila ya ce kwalbati ɗaya aka ba shi a bana, kuma ya riga ya yi wa wani ƙauye da ke bakin mazaɓar alkawari, don su ko tsoho mai dogara sanda ba ya zama a gida ranar zaɓe. Na buɗe baki zan ce wannan ba adalci ba ne, sai na tuna da haka muka karɓe rijiya daga hannun ƙauyen da ke maƙwabtaka da namu. A hanyar dawowa kowa ya yi ta zagin 'yan siyasa, ni ma na taya su, da ƙarfi ma kuwa.

A daminar shekarar ruwa ya wuce bulo ya cinye injin. Mai gyara ya duba ya ce sai dai a sayar wa 'yan gwangwan. Ta kwashe kayanta ta koma wurin ƙanwarta a Kudenda, tana sayar da abinci a ƙofar wani kamfani, 'yan biyun kuma aka cire su daga makarantar da suke. Mu da ke saman layin kuwa, ruwa bai taɓa mana ko tabarma ba.

Na yi niyyar mayar da rajistata Kaduna, har na faɗa wa mahaifiyata a ƙauye. Ta ce to in hakan nake so, amma in sani dagaci yana lura da gidan da 'ya'yansa ba su zo ba, kuma yanzu maganar gina wa garinmu asibiti ake yi. Ita ce mai ciwon ƙafa, ita ce ake ɗorawa a babur a kai wani gari. Na bar maganar.

Da zaɓe ya zagayo, muna loda kaya a bas sai ga Maman 'yan biyu ta sauko daga keke-napep da ɗan ƙullinta. Katinta na rumfar layinmu ne, ta zo ta kwana a wurin wata ƙawarta don gobe ba zirga-zirga. Na gaishe ta ina kallon tayar mota. Na tambaye ta me zai sa ta sha wannan wahala, ga shi ba ta ma unguwar.

"Oga Ticha, in ni ma ban zo ba, wa zai ɗaga muku hannu?" ta ce. "Ku sauka lafiya, a gaida Mama."

Direba ya danna hon. Na shiga na zauna a tsakiya, inda ba za ta gan ni ta taga ba.