Malam Usmanu da Filogin Bilya

Kullum bayan hantsi Malam Usmanu Makaniki yakan shimfiɗa buhu a gindin darbejiyar bakin kasuwar Hunkuyi, ya jera sifanoninsa, ya jira masu injin ban ruwa. Shekara talatin ke nan. Bana ya ce idonsa ya rage gani, zai ajiye aikin.

Aikinsa yakan yi yawa idan damina ta ɗauke, lokacin da manoman rani ke fito da injinan da suka jingine wata biyar. A irin wannan lokaci ne Bilya, maƙwabcinsa a fadama, ya kawo nasa a bayan mashin. Aka ja igiya, ko motsi.

Malam Usmanu ya leƙa. "Ina filogin?"

"Yana aljihuna, Baba. Cire shi nake yi in zan ajiye. Ka san mutanenmu da aro."

"To, danshi ya shiga ta ramin filogin. Tsatsa ta kama fistin."

Mazauna wurin suka kalli juna. Bara da injin Malam Usmanu ya ƙone ya je aro, Bilya ya rantse masa filogi ya ɓata.

"Baba, a sa masa guduma. Jiya na dasa tumatir, kwana biyu ba ruwa sun mutu."

"In na doke shi, sai dai ka sayi sabo." Ya tsiyaya kananzir da baƙin mai ta ramin. "Kwana uku zai jiƙa. Je ka gidana, ka ce Mukarrama ta ba ka nawa injin."

Tumatir ɗin Bilya ya rayu. Albasar Malam Usmanu kuwa ta sha rana, fangali biyu suka bushe. Mukarrama, matarsa, ta ce ya tauye haƙƙin iyalinsa don mai rowa. Har yau ban iya cewa ta yi kuskure ba.

Rana ta huɗu Malam Usmanu ya murza injin Bilya da hannu a hankali har ya saki, ya ja igiya, ya tashi.

Malam Usmanu, kai ne ka gano ƙarya a bainar jama'a, ba ka ambace ta ba. Kai ne ka ɗaura filogin da hannunka, ka ce kawai, "Nan ne mazauninsa, Bilya."

Mun gode, Allah ya saka da alheri. Masu injina kuma, in kun tashi ajiya bana, ku bar filogi a jiki. Wani zai zo aro.