Randar Ummu Alaa

A ƙofar wani bene a unguwar Arba wa Nus ta Alƙahira akwai randar sadaka, irin wadda Misirawa ke ajiyewa domin mai wucewa ya sha. Mutane da yawa na sha kullum, amma ba kowa ya lura ba cewa da safe kofinta a kife yake kan ƙusa, ba ya taɓa kwana cikin ruwan. Aikin Bakhita ne.

Bakhita Bahaushiyar Sudan ce, 'yar Gadarif. Shekara ashirin da biyu ta yi tana aikin duba-gari, gida-gida tana leƙa randuna da masai. Annobar kwalara uku ta gani da idonta. Da yaƙi ya kore su, ta iso Alƙahira da jikarta Hadil da gwiwa mai ciwo, ta kama ɗaki a ƙasan benen. A nan ba wanda ya san aikinta. Tsohuwa ce kawai mai sayar da turaren wuta.

Randar ta mai gidan ce, Ummu Alaa. Ta ajiye ta ne saboda ɗanta Alaa da mota ta kashe, ladan ya riƙa isar masa. Tun ranar farko Bakhita ta ga abin da bai yi mata ba. Babu murfi. Tiyon da ake cika ta da shi a ƙasa yake kwana, kusa da inda ruwan masai ke tsattsafowa. Mai sha kuwa sai ya tsoma kofi har da yatsunsa. Amma baƙo mai ɗakin haya ba ya gyara wa mai gida sadakarsa. Ta dai hana Hadil sha.

Hadil ta sha. Kwana uku tana amai da gudawa, Bakhita na ɗura mata ruwan gishiri da sukari cokali-cokali. Da yarinyar ta farfaɗo, ta ce, "Kaka, ai kowa ma sha yake."

"Kowa ɗin ne ya kwana wankin zanenki?"

Maƙwabciyarsu Mahasin ta ja Bakhita gefe. "Yaya, ma'alish, yi haƙuri ki rufe bakinki. Ki ce wa matar nan ruwan ɗanta na sa cuta? Wallahi kafin Juma'a kayanki na titi."

Duk da haka ta hau wurin Ummu Alaa, hawa huɗu, tana hutawa a kowane. Ta shirya maganarta tsaf: a ɗauke randar. Ummu Alaa ta ba ta shayi ƙarƙashin hoton saurayin, ta ce, "In na ji ƙarar kofin nan daga sama, sai in ji kamar shi ne ya sha."

Bakhita ta dubi hoton. Maganar da ta hau da ita ta ƙi fita.

"Hajja," ta ce, "roƙo na zo. Ni ma ina da mamata, ba ni da abin yi musu sadaka. Ki bar mini wankin randar nan da cika ta, mu raba ladan."

Ummu Alaa ta fashe da kuka, ta rungume ta. "Khalas, shi ke nan, taki ce."

Shekara biyu ke nan. Bakhita ta samo murfin tukunya ta ɗora, an sace, ta ɗaure na biyu da waya. Ta kawo moɗa mai dogon hannu, mutane suka ce wahala, suka koma wa kofinsu. Ranar da aka ɗauke ruwa, daga layi na uku take jawo jarka, ta ɗiga maganin tsarkake ruwa. Wani direba ya taɓa tofarwa ya ce sadakar bana warin asibiti take. Ta ci gaba da ɗigawa. Zawo bai bar unguwar ba, ta sani. Randa ɗaya ce a cikin ɗari. Amma Hadil ba ta sake kwanciya ba, ɗakin kuma yana hannunsu.

Yau gwiwar ta kumbura, a zaune ta yi sallar asuba. Da gari ya waye ta fito tana dafa bango, ta tuttular da ruwan jiya, ta cuɗa cikin randar da soso, ta cika ta. Ta wanke kofin da sabulu, ta kife shi kan ƙusa.