Sakamakon Jinin Inna a Wayar Auta

Tun da ciwon suga ya kama Inna, ni ce na zama fayil ɗinta mai tafiya da ƙafa. Muna zaune a Kuje, likitan suga yana cikin gari, na ido kuma can wajen Zuba, kuma babu asibitin da ya san abin da ɗan'uwansa ya rubuta. Duk inda muka je sai a ce a sake gwaji daga farko. Komai yana kaina: maganin da ya kumbura mata ƙafa, allurar da jikinta ba ya so, ranar da jiri ya kayar da ita a bakin famfo. Likita ya yi mata tambaya, ita kuma ta juyo ta dube ni. Ba zan ɓoye ba, wannan duban yana yi mini daɗi.

Sai aka zo da sabon tsari. Wata nas ta yi mana bayani cewa yanzu asibitoci za su riƙa ganin bayanan juna a kwamfuta, mara lafiya kuma yana da haƙƙin ganin nasa a waya. Tunda Inna ba ta yi boko ba, za ta iya zaɓar mutum ɗaya da za a buɗe wa. Har na fara laluben wayata a jaka, sai na ji Inna ta ce a sa autanta.

Autan nan ma'aikacin gwamnati ne a cikin gari. Tsakaninsa da Kuje ba wata tafiya ba ce, amma sai ka ga watan Sallah kafin ka gan shi. Bai taɓa bin layin kati ba, bai san warin asibiti ba. Nas ta tambayi Inna ko ta tabbata, ta ce ta tabbata. Na mayar da wayata jaka, muka kamo hanyar gida. Kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi.

Daga nan ni zan fita da ita da sassafe ba ta karya ba, ni zan riƙe mata hannu a ɗebi jini, sakamako kuma ya faɗa wayarsa yana ofis yana shan sanyi. Ya kira, ya gama gaisawa da ita ya ce a ba Yaya, wai suganta ya ɗan hau, in rage mata tuwo. Yaron da na goya a bayana ne yake koya mini tuwon Inna. Nakan ji kamar in wurga wayar a kwata. Kishi nake yi, kishi tsagwaronsa, kuma ko kunyarsa ban ji ba.

Rannan ina shafa mata man zafi a ƙafa haƙurina ya ƙare, na tambaye ta laifin me na yi mata. 

"Ke ko babu waya ina ganinki," ta ce. "Shi kuwa ba ki lura ba? Duk ranar da sakamako ya shigo sai ya kira ni."

Ban huce ba, na dai ci gaba da shafa man.

Ba a jima ba Inna, wadda tun muna yara take gudun allura, ta tambaye ni ko lokacin ɗibar jini bai yi ba. Na ce da saura. Ta ce in dai tambayi likita, ko zai yarda a matso da shi. Ya yarda. Ni na kai ta, na riƙe mata hannu.